Ni Ne Makullin Motar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a ɗauki wannan da wasa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Idan yana nemana sai ya tambayi wanda ke kusa, "Ina mutumin nan?" ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Saƙonsa kan biyo ta bakin ƙannena ya iso gare ni, amsata ta koma ta hanyar da ya zo. Inna ta sassauta tata kunyar tun da na fara tara iyali, takan yi mini magana kai tsaye, sunan ne dai har yau ba ta faɗa. Shi kuwa Baba yana nan a kan bakansa.

Na san ba ƙi ba ne, haka ya tarar ana yi. Amma sani bai hana ni jin ciwo ba. Ina ji ina gani autanmu zai zauna a kan tabarmarsa, ya sa hannu a kwanonsa, su yi ta gardama suna dariya, ni kuwa da furfura a gemuna gaisuwa ce kawai rabona. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma babu abin da nake so kamar Baba ya dube ni ya yi mini magana, ni da shi, ba ɗan aike a tsakani.

Tsohon direba ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan manyan motocin shanu zuwa kudu, da ya ajiye aiki kuma ya sayi wata a-kori-kura wadda ta tsufa tare da shi. Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, zai zuba gero ko sabulu a bayanta ya kama hanyar Baure wurin Gwaggo, yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Ita ce ma ta yaye ni. Shi kaɗai yake tafiya, ba ya son rakiya, ba ya kuma yarda wani ya tuƙa shi.

Da a-kori-kurar ta kai ga bakanike ya ce a yi mata addu'a kawai, sai auta, wanda ke aiki a Abuja, ya ce shi zai share wa Baba hawaye. Ya zo da wata farar mota mai aiki da lantarki, ya sa aka jera faifan sola a rufin zaure saboda cajinta. Unguwa ta taru ana kallo. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ya sa wa auta albarka, sannan ya miƙa hannu.

"Kawo makullin."

"Ai Baba ba ta da makulli," in ji auta. "A waya yake. Da ka matso da waya za ta gane ka ta buɗe."

Baba ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila daga aljihu. Auta ya yi dariya ya ce ba irin wannan ba, ya fito da wata babba da ya sayo masa. Aka ce ya shafa. Ya shafa, ya danna, ya murza, wayar ko gezau. Yatsun Baba sun yi kaushi, sitiyari da rana sun gama da su, gilashin bai ma san an taɓa shi ba. Ya miƙa wa auta kayarsa.

"Riƙe abarka. Ban yi tsufan da zan zauna ina lallashin gilashi ba."

A nan auta ya tafka kuskuren da har gobe nake masa gori a kai. Ya duba ya ga ni ne ke zaune a Daura, sashena na jikin na Baba, sai ya karɓi wayata ya sa makullin a ciki. Yaron da aka haifa a gidan nan, ya rasa wanda zai damƙa wa makullin Baba sai mutumin da Baba ba zai iya buɗe baki ya ce wa "ba ni" ba. Washegari ya koma Abujarsa yana jin ya yi abin kirki.

Juma'ar farko na yi dabara. Na riga shi fita, na tsaya kusa da motar har ta buɗe, ya shiga, ta tashi, na koma ciki abina. Ta kai shi Baure lafiya lau. Wani rubutun Turanci dai ya yi ta fitowa a allon da ke gefen sitiyari, shi kuwa bai kula ba, don a ganinsa direban da ke karatu a kan hanya neman lahira yake. Ya sauka ya shiga wurin Gwaggo. Da ya fito bayan la'asar, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja ƙofa, ya zagaya, ya ja ɗayar. Mutanen unguwar suka taru kowa da shawararsa, har da mai cewa a tura ta.

Bai kira ni ba. Inna ya kira, Inna ta aiko 'yata ta same ni. Na bi motar haya ta Sandamu, na ƙarasa a kan acaɓa. Na ishe shi zaune a kan dakali, ya juya wa motar baya. Ina matsowa ta ƙifta fitilu ta buɗe, kamar karen da ya hango mai shi. Mutane suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Mutumin da ya kai shanu har bakin teku ya dawo, yau ga shi an taru ana kallonsa ya kasa buɗe ƙofar motarsa. Ya shiga ya ja, muka dawo Daura.

Daga nan ya daina zuwa. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo, Baba na zaune a zaure yana jan carbi, mota na gefe tana shan caji. Na ce wa Inna ta ba shi wayata ya riƙa tafiya da ita. Ta ce ta gwada, ya ce shi ba zai ɗauki wayar magidanci ana ta kiransa a ciki ba. Gwaggo kuma ta aiko tana tambaya ko ciwo yake yi ake ɓoye mata.

Inna ce ta raba gardama. Tana tankaɗe a tsakar gida, Baba na alwala, ni ina ƙofar sashena, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai na san zumunta a ƙafa take. In makulli ya ƙi shiga aljihu, ai sai a sa shi a kujera a tafi da shi."

Baba ya ci gaba da alwalarsa kamar bai ji ba. Amma ranar Juma'a da na dawo daga masallaci, na tarar da Baba tsaye a gefen mota yana kallon sama kamar mai neman wata. Na matso, ta buɗe. Na nufi kujerar baya, sai na ga ya cika ta da buhun gero. Na shiga gaba. 'Ya'yana suka sa mini suna makulli mai cin tuwo.

Ashe buɗe ƙofa shi ne mai sauƙi. Wanda ya ƙera motar nan ban san laifin da maɓalli ya yi masa ba, ya kwashe su kaf ya zuba a cikin allo. Sanyi yana cikin allo, madubin gefe yana cikin allo, hatta ɗan akwatin da ake ajiye takardun mota sai ka bi ta allo zai buɗe. Baba kuwa da hannu ya san mota. A tsohuwarsa ko a rufe idonsa yake yatsansa zai faɗa kan abin da yake nema. Nan sai ya miƙa hannu ya lalubi gilashi sumul, ba abin kamawa, in ma ya dace da wurin, gilashin ba ya jin yatsansa.

Ranar farko da muka tafi tare sanyin motar ya yi masa yawa. Na ga yana ta gyara wuyan rigarsa. Mun kusa Sandamu ya buga sitiyari a hankali ya ce wa motar, "Ke, gaya wa mai makullin naki ya rage wannan sanyi, ba kifi ya ɗauko ba."

Na rage, ina danne dariya. Daga ranar mota ta zama ɗan aikenmu. Ni ma in zan yi magana sai in ce, "A ɗan dakata, ana neman wurin." Takaicin motar bai bar shi ba ko kaɗan. Yakan ce ba ta da murya, tafiya take kamar ɓarawo, akuya ma ba ta jin zuwanta balle ta kauce. Ni kuma ina ƙara masa gishiri, don ni ma haushinta nake ji, musamman ranar da cajin wayata ya ƙare a Baure, muka zauna a ɗakin Gwaggo muna jiran waya ta farfaɗo a shagon mai caji kafin mota ta yarda da mu. Gwaggo kam daɗi ta ji. Ta ce Allah Ya yi wa wannan mota albarka da ta hana mu gaggawa.

Damina ta yi nisa wata rana ruwa ya tare mu a hanya, irin mai zuwa gaba ɗaya. Waifar da aka ce tana gane ruwa da kanta ta tsaya tana yanga, ta share sau ɗaya ta huta. Hannun Baba ya tafi inda ya saba, bai sami komai ba. Ni kuma na rikice ina ta buɗe shafi bayan shafi a allon, na kunna rediyo, na buɗe taswira, waifa dai shiru. Bai yi faɗa ba. Ya lallaɓa ya gangara gefen titi ya tsaya, muka zauna ruwa na dukan rufi.

Can sai ya fara magana, idonsa na kan gilashin gaba.

"Ke ba ki san ruwa ba," ya ce wa motar. "Ranar da aka haifi wani mutum, ina hanyar kudu da shanu, ruwa ya fi wannan. A wata tasha wani direban garinmu ya tsayar da ni ya ce an sauka lafiya, namiji. Na ce to madalla, na ja mota kamar ban ji ba. Sai da na yi nisa, inda ba wanda ya san ni, na tsaya na fita cikin ruwan nan na yi sujada a kan laka. Yaron motata ya zaci aljanu ne suka taɓa ni."

Ya goge gilashi da bakin hannun riga.

"Ina dawowa na tarar da ɗaki cike da mata. Ban ɗauke shi ba. Ba a yi."

Na juya fuskata wajen taga. Ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma hawaye suka zubo mini kamar yaron da aka daka. Ban san haka Baba ya yi murna da zuwana ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Da ruwa ya tsagaita na gano inda waifar take, muka ci gaba.

Bayan wannan labarai suka yi ta zuwa. Motar ta ji labarin kakana, ta ji yadda aka nemi auren Inna, ta ji wane ne ya cuce shi a tasha ya yafe. Na koma jiran Juma'a tun daga Asabar.

Da kaka sai ga auta ya zo da fara'arsa. Ashe motar tana da wani kati kamar na banki, wanda ake karawa a jikin ƙofa ta buɗe, bai zo tare da ita ba ne, sai yanzu ya samo. Ya damƙa mini yana cewa, "Yaya, ka huta da wahala." Na karɓa na yi godiya, a raina kuwa ji nake kamar in maƙure shi. Karo na biyu ke nan yaron nan yana yi mini gyaran da ban sa shi ba.

Na kai wa Baba katin da hannuna, don haƙƙinsa ne. Ya fita ya kara shi a ƙofa, ta buɗe. Ya rufe, ya sake karawa. Rabon da in ga fuskarsa ta washe haka tun zamanin a-kori-kura. Na yi masa murna da gaske, kuma zuciyata ta yi nauyi da gaske.

Ranar Juma'a na daidaita masa sanyi da madubi tun da safe. Bayan masallaci ya shiga ya tafi shi kaɗai kamar dā. Na tsaya a ƙofar gida har ya sha kwana. Na shiga ciki na rasa abin yi, na ɗauki takardun jarrabawar ɗalibaina na ajiye, na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matata ta ce in ba ni da aiki in je in taya Inna tsintar wake.

Gab da magariba ya dawo. Ina zaune a zaure, na miƙe na yi masa sannu da zuwa, na karɓi ƙullin daddawar da Gwaggo ta ba da. Na juya zan shiga da shi ke nan na ji ya yi gyaran murya. Na duba ko akwai wani a zauren da zai ba saƙo. Ba kowa sai ni, mota kuma tana waje.

"Gwaggonka ta tambaye ka," ya ce, yana dubana. "Na ce mata aiki ne ya riƙe ka."

"To, Baba."

Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"Ƙarya na yi wa yayata da tsufana. Kada ka sa in sake."