Direban Tsere da Mai Riƙe Masa Hula

A rumfar shayin da ke bakin filin tseren motoci na Sepang, wani saurayi yana tsaye cikin rigar tsere, ya zuge ta har wuya duk da zafin nan, don kada wani ya kasa karanta sunansa a ƙirji: Hazwan. Ya tare 'yan mata biyu yana ta cika baki. Wai tun yana ɗan mitsitsi yake lashe kofi a tseren ƙananan motoci, bana kuwa an damƙa masa babba, mai rugugi kamar aradu.

A bayansa wata dattijuwa ce cikin silifas, ta rungume hular kwanonsa. Hancinsu ɗaya, kunnuwansu ɗaya. Da ganin yadda rana ta dafa fuskarta, ta shekara da shekaru a bakin shinge tana kallonsa yana zagaye.

"Wannan fa?" in ji ɗaya yarinyar.

Ko waiwayawa bai yi ba. "Mai aikin gidanmu ce."

Dattijuwar ta ji sarai. Ta goge gilashin hular da bakin mayafinta, ta miƙa masa.

"Wan," in ji ta, sunan da take kiransa da shi tun tana goya shi, "an kira ku. Kwanar ƙarshen nan, ka bi a hankali, ka ji?"

Gogan ya karɓa, idonsa na kan 'yan matan.