Jiragen Malam Istifanus a Kogin Binuwai

Kafanchan

Duhu bai washe ba muka bar Kafanchan, wata ranar Juma'a cikin Agusta, a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Mu uku ne: ni, da maigidana Baban Bitrus wanda akawu ne a reluwe, da ɗanmu Bitrus mai shekara goma sha biyu. Motar kombi ce ta aro daga wurin yayan maigidana, kuma har muka fita gari bai gano inda ake kunna abin share gilashi ba. Ana yayyafi, shi yana tuƙi, ni na leƙa kai ta taga ina faɗa masa inda rami yake.

Makurdi za mu, ganin tsofaffin jiragen ruwa na zamanin Turawa. Ni dai ban taɓa ganin jirgin ruwa ba, kuma rashin ganinsa bai taɓa hana ni barci ba. Saboda Malam Istifanus muka ɗauki wannan wahala.

Tare da shi muka yi koyarwa a makarantar mishan. Da gwamnati ta karɓe makarantun ya ajiye aiki, ya koma gona kusa da Gidan Waya, ya ce 'ya'yansa uku shi zai koyar da su da kansa a gida. Haka kuwa ya yi, a gindin mangwaro, da allo da ƙararrawa da komai. Abin ya tafi lafiya har lokacin Ista, da babbar 'yarsa Tabita ta zo hutu gidanmu. Ta ba Bitrus labarin jiragen ƙarfe da babanta ya taɓa hawa a Makurdi yana saurayi. Bitrus, mai bakin tsiya, ya ce ƙarfe ba ya tsayawa a kan ruwa, ya jefa cokali cikin bokiti ya nuna mata. Tun daga ranar, duk abin da uban ya koya mata sai ta ce, "Ka tabbata, Baba?"

Uwarta Saratu dama makaranta take so mata. Suka yi ta ja da mijinta, har suka tsaya a kan cewa in yarinyar ta nema da bakinta, za ta dawo wurina a Kafanchan ta shiga makarantarmu. Malam ya yarda, amma ya roƙi abu ɗaya: a bari ta ga jiragen tukuna. Ni ina son yarinyar a ajina, ina kuma tausayin ubanta. Batun cokali kuwa, in faɗi gaskiya, ni ma ban san wa ke da gaskiya ba.

Gidan Waya

Gari ya fara haske muka same su a bakin hanya. Malam ya ɗaura nakatayi kamar zai je ɗaurin aure, Saratu na riƙe da kwanon dafaffiyar gyaɗa, Tabita da ƙannenta maza biyu sun jeru bisa ga tsawo. Muka gaisa, Malam ya yi addu'ar tafiya mai tsawo har injin ya mutu, sai da aka tura.

Da muka kama hanya maigidana ya ce, "Malam, me ya hana mu bari sai Kirsimeti, lokacin da hanya ya bushe?"

Malam ya yi murmushin wanda ya daɗe yana jiran tambayar. "Baban Bitrus, da rani na gan su. Suna kwance a kan yashi kamar matattun shanu, har da ƙafa na taka na hau. Ba na so yara su gan su haka. Yanzu ruwa ya cika, sun tashi tsaye."

Duk muka gyaɗa kai. Mu mutanen duwatsu ne, kogunanmu naɗe zani kawai ake yi a haye, saboda haka maganar ta zauna mana daram. Jirgin ruwa ai sai da ruwa.

Gwantu, Akwanga, Lafiya

Bayan Gwantu muka tarar da wata babbar mota ta kafe a taɓo ta tare hanya, muka zagaya ta gonar wani bawan Allah yana tsaye yana kallonmu. A Akwanga maigidana ya ce dama, Malam ya ce miƙe, kowannensu ya rantse ya san hanyar. Aka bi dama. Mun yi tafiya mai kyau kafin wata mai tallan masara ta ce mana Keffi muka nufa. Muka juyo, Saratu ta miƙa wa kowa gyaɗa.

Malam bai bar lokacin ya tafi a banza ba. Ya juyo daga kujerar gaba ya buɗe aji.

"Me jiragen suke ɗaukowa daga teku?"

Ƙananan biyu suka haɗa baki: "Gishiri da atamfa, Baba."

"Me suke komawa da shi?"

"Riɗi da gyaɗa, Baba."

"Da me aka ƙera su?"

"Da ƙarfe, Baba."

Bitrus ya yi tari irin na rashin kunya, na taka masa ƙafa. Tabita ba ta amsa ko ɗaya ba, tana kallon waje. Na ga uban yana satar kallonta, sai na kawar da kai.

A Lafiya muka ci sakwara da miyar agushi a bayan tasha, kwabo talatin kwano. Malam bai ci rabin nasa ba, sai duba sama yake yi.

Gadar Makurdi

Rana ta take tsaka muka iso bakin gada. Gadar ɗaya ce, mota da jirgin ƙasa duk ita suke bi, sai an jira. Wani soja ya leƙo.

"Ina za ku?"

"Ganin tsofaffin jiragen ruwa," in ji maigidana.

"Za ku saya ne?"

"Gani kawai."

"Tun daga Kafanchan?" Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji da kunnensa. Suka leƙa ƙarƙashin kujeru, suka buɗe kwanon gyaɗa, suka ɗiba, suka ce mu wuce. Har muka hau gada suna bin mu da ido.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ja ne, faɗinsa ya fi ƙarfin ido, yana tafiya da itatuwa sukutum. Saratu ta fara waƙar sujada, ni na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji taya ta taka ƙasa.

Bakin kogi

Nan ne kanmu ya ɗaure gaba ɗaya. Malam ya ce akwai wata 'yar hanya da ke gangarawa daga kasuwa, a bi ta cikin yashi tafiyar ɗan lokaci, sai ga jiragen guda uku. Mun sami kasuwar, mun sami 'yar hanyar. Amma taku kaɗan ta yi ta shige cikin ruwa. Ba yashi, ba jirgi.

"Wataƙila an matsar da su," in ji Malam.

Muka bi gaɓa zuwa gabas, muka dawo muka bi yamma, yara na biye kamar 'yan tsaki. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna mana tsakiyar ruwa ya ce, "Ga su can." Mu duba, ba mu ga komai ba, mu yi godiya mu ƙara gaba. Maigidana ya ce ko tsokanar baƙi al'adar garin ce. Sau uku muna wuce wata mata mai sayar da busasshen kifi. A na huɗu ta kasa haƙuri.

"Mama, me ya ɓace muku ne?"

Na faɗa mata. Ta kama hannuna ta miƙa shi saitin wani baƙin abu da ya ɗan leƙo daga ruwa, can nesa, wanda tun ɗazu na ɗauka kututture ne.

"Bututun hayaƙin babban ke nan. Sauran suna ƙasa."

"Ƙasa ina?" in ji Malam.

"Ƙarƙashin ruwa mana, Baba."

Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ba zai yarda ba sai ya taɓa. Aka sami mai kwalekwale. Saratu ta ce ita ko a mafarki, amma in bi mata 'yarta. Maigidana ya tuna cewa dole wani ya tsaya gadin mota. Haka na tsinci kaina a tsakiyar Binuwai, ni da Malam da Tabita da Bitrus, na riƙe gefen kwalekwale da hannu biyu ina tuba daga zunuban da ban ma aikata ba.

Bututun ya yi tsatsa, masunta sun ɗaura masa igiyoyi. Malam ya dafa shi ya ce, "Ai ya kamata su tashi. Ruwa ya zo."

Mai kwalekwalen ya ce, "Tun ina yaro ban ga sun tashi ba. Cikinsu duk huji ne. Ku dawo da rani ku hau."

Malam ya zura hannu cikin ruwa yana shafa jikin ƙarfen, har kafaɗa, nakatayinsa na jiƙewa. "A nan na tsaya," ya ce. "Akwai matakala a nan, da wurin matuƙi." Bitrus ya buɗe baki, na mintsine shi. Tabita ta dubi bututun, ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai. Mun ratsa rabin duniya don ya nuna mata ƙarfe a kan ruwa, ga ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Tausayinsa ya kama ni har na manta da tsoro.

Muna juyowa sai muka ji wani ƙaho mai kauri daga yamma. Mai kwalekwale ya hau tuƙi da sauri yana kaucewa. Sai ga wani dogon abu baƙi ya taho, tsawonsa ya kai ajujuwa huɗu a jere, shaƙe da gangunan mai, wani ƙaramin jirgi mai hayaƙi na tura shi ta baya. Igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke, na kira sunan Yesu.

Bitrus ya ce, "Katako ne aka shafa wa fenti."

"Ƙarfe ne," in ji Tabita. "Ba ka ga tsatsa ba?" Ta juya. "Baba, to me ya sa wannan ya tsaya, wancan ya nitse?"

Malam ya ɗauki tsohon kwanon sha da ake kwashe ruwan kwalekwalen da shi, ya ɗora a kan kogi. Kwanon ya tsaya. Ya ce ta saka masa duwatsun tarun da ke ƙasan kwalekwalen. Ta saka, ya ɗan nutsa, bai nitse ba. Sai ya karkata bakinsa ruwa ya shiga, nan take ya yi ƙasa, da ƙyar ya cafko shi, mai kwalekwale na faɗa. Na yi shekaru ina riƙe alli, ban taɓa ganin darasi mai kyau irin wannan ba. Tabita ta yi dariya ta ce a sake, aka sake. Na ce a raina magana ta ƙare, yarinya ta zauna wurin ubanta, kuma na rasa ko murna nake yi ko baƙin ciki.

Lafiya kuma

Niyyarmu yini ɗaya ce, amma ruwan sama ya tare mu a hanya, kuma fitilar motar ɗaya ce ke aiki. Muka kwana a Lafiya gidan wani fasto, wanda bai san mu ba amma ya ba mu ɗaki da tuwo mai zafi. Malam ya ci kwano biyu, ya ba faston labarin kwanon sha sau uku.

Da safe bayan addu'a, muna ɗaure kaya, Tabita ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, gaskiyarka ne. Amma ina so in je makaranta."

Ya dube ta kamar da wani yare ta yi magana. "Me na koya miki da ba daidai ba?"

"Babu."

"To?"

"Da Bitrus bai ce ƙarya ne ba, da ban taɓa tambaya ba. A gida kowa 'i, Baba' yake cewa. Ina so in zauna inda za a yi mini gardama."

Malam ya juyo ya dube ni, wai ko ni da nake malama zan fassara masa. Ni ma na ɗauka wanda ya ci gardama shi ke tafiya da yarinya.

Gida

Hanyar dawowa ba mu ɓata ba, ba a kuma buɗe aji ba. Wajen Gwantu Saratu ta raɗa mini cewa mu wuce da Tabita yau ɗin nan, za ta aiko da kayanta ranar kasuwa. "In yarinyar ya sauka, ubansa ba zai iya sake shi ba," ta ce.

Da hantsi muka tsaya a Gidan Waya. Malam ya sauka ya buɗe ƙofar baya kamar yadda ya saba. Ya sauko da ƙarami, ya sauko da mai bi masa, ya sake miƙa hannu. Tabita na zaune kusa da ni, hawaye na zuba, ba ta motsa ba. Ya daɗe da hannun a miƙe, sai da Saratu ta zo ta sauke masa shi a hankali.

Ya zagayo ta tagata ya ce, "Malama, yarinyar yana da tambaya da yawa. In ya tambaya, kada ki ce ya yi shiru."

Na ce na ji, ko da yake na san yawan yaran da ke jirana a aji, na kuma san sau nawa nake cewa a yi shiru kafin a tashi tara.

Mun shiga Kafanchan kafin azahar, mu huɗu. Mun gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa mai mota, da faston Lafiya, da matar nan mai kifi da ta kama hannuna. Malam Istifanus kuwa, wanda ya kai 'yarsa har Binuwai ya koya mata abin da ya raba ta da shi, har yau ban san ko godiya zan yi masa ko haƙuri zan ba shi ba.