Likkafanin Iyatu ya rage a ɗakina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyatu, kin rasu a Ƙonni ranar Laraba, biyar ga watan Ƙaramar Sallah. Ni ban ji ba sai bayan kwana tara. Ina tankaɗe Hayatu mai kanwa ya yi sallama, ya biyo ta daji da raƙumansa. Shi ya kawo mini labarin, na sa shi ya maimaita har sau uku.

Ni na ce ki tafi, ba zan ɓoye ba. Ɗiyarki Tani ta haihu can, kina ta jinkiri don ana raɗe-raɗin sojoji za su rufe iyaka. Na ce miki shekara arba'in muna kai goro Ƙonni muna ɗauko dabino, wa ya taɓa tambayarmu takarda? Kinka tafi da zane biyu. Kwana huɗu anka rufe.

Rediyo ya ce manya sun sa hannu cikin wata ƙungiyar ciniki, kowa ya shiga ƙasar kowa. Yanzu wasu na cewa fita za mu yi, wasu na cewa muna ciki, har gobe ba su gama gardama ba. Ni dai abin da na sani, sau biyu kina zuwa bakin iyaka a Illela da zazzaɓi a jikinki ana mayar da ke.

Ba ki da sauƙin baki, kowa a Unguwar Rogo ya sani. Amma da Malam ya rasu ina takaba, ke kinka riƙa ɗaukar kayana da naki zuwa kasuwa, ki dawo ki ajiye hatsi ki ce: "Tashi ki daka, kuka ba ya ciyar da yara."

Likkafanin da kinka wanko da zamzam a Makka yana nan cikin akwatin da kinka bar mini. Da wani likkafanin anka rufe ki, nesa da kabarin mijinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Tani da Junaidu ɗanki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ƙafata ba ta iya daji, shi ya sa takarda ta zo maimakona.

Tani, in an buɗe hanya ina da rai, zan kawo miki likkafanin da hannuna. In ba a buɗe ba, ki yarda a naɗe ni da shi.

Balaraba, Unguwar Rogo, Sakkwato