Ranar da Yayana Ya Zagi Mai Girkin Biki da Bakin Inna

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan manta ranar da yayana ya kore wa Inna babbar mai cinikinta da yatsu biyu ba.

Inna dambun nama take yi a gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan tun kafin a haife ni. 'Yan unguwa na saye jefi-jefi, amma abin da ya riƙe sana'ar wata dattijuwar Bayarabiya ce ta unguwar Mokola mai girkin bukukuwa, muna ce mata Iya Alase. Duk bikin da ta karɓa sai dambun Inna ya hau teburi, kuma ita ta jawo mana matan ƙungiyarsu ta masu girki. In ta yi ƙorafi, Inna ba ta musu, sai ta sake mata wani ta ƙara da gyara.

To, sai ga Yaya. Mutumin nan ya gwada sayar da waya ya bari, ya gwada canji ya bari, nauyin turmin gidanmu ma bai sani ba. Rana ɗaya ya shigo yana kaɗa makullin babur ɗin aro, wai Inna na kwana zamani na wucewa.

"Inna, ki bar mini harkar talla. Shekara ɗaya kawai, har Landan za a ci dambunki."

Inna ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Ni kuwa na taɓe baki.

Ya buɗe shafi a intanet da sunan Inna da hotonta. Daga nan hotunan suka koma nasa: yau da baƙin gilashi, gobe jingine da motar mutane, dambun na can gefe kamar ɗan rakiya. Ya sayi mabiya tuli, waɗansu ko rubutun sunansu ba ma iya karantawa, yana nuna mini yana washe baki. Na ce, "Yaya, a cikinsu wa ya taɓa sayen ko cokali ɗaya?" Ya ce ƙauyanci ke damuna. Mai tambayar farashi sai Yaya ya ce masa ya same shi ta akwatin saƙo, can kuma sai saƙon ya kwana ya wuni ba amsa. Hoton dambun da ya ɗora ma ba namu ba ne, na wata ya ɗauko don ya fi sheƙi.

Duk wannan shirme ne da za a iya haɗiyewa. Ana nan sai wani bugun dambu ya yi mai da yawa, Inna ba ta da lafiya a lokacin. Iya Alase, wadda 'yarta ta buɗe mata shafin girkinta, ta rubuta a ƙarƙashin hoton cikin ladabi cewa na wannan karon ya yi maiƙo, bai yi kama da na hoto ba. Yaya bai gane ta ba. Ina zai gane ta, mutumin da bai taɓa zama inda ake aikin ba? Ya ba ta haƙuri da Turanci mai daɗi, sannan ya sauko ƙasa ya rubuta wa abokansa da Hausa: "Ku ji tsohuwar banza, wadda ta tashi da cin ganda ita ce za ta koya mana nama." Abokan suka yi ta jero fuskokin dariya.

Kai jama'a! A Ibadan aka haife shi fa, ya san rabin Mokola na jin Hausa. Matar nan kuwa a Kano ta yi ƙuruciyarta.

Bayan la'asar ta sauka daga keke mai ƙafa uku a ƙofar gidanmu. Ta gaida Inna, ta zauna a tabarma, aka kawo ruwa ba ta taɓa ba. Ta ciro waya ta karanta maganar da ƙarfi, kalma bayan kalma, da Hausar da ta fi tasa tsabta. Ni ina tsaye riƙe da matankaɗi, komai a kunnena.

"Hajiya, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji ta. "Sunanki ne a sama, fuskarki ce a jiki. Na zo in ji daga bakinki, ni ce tsohuwar banza?"

Inna da ba ta san ko yadda ake buɗe shafin ba ta riƙe hannun matar tana kuka tana rantsuwa. Aka kira Yaya. Kun san abin da gogan ya ce? Wai wasa ne, wai ai ya goge. Iya Alase ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka goge naka. 'Yata ta ɗauki hotonsa, matan ƙungiyarmu duk sun gani tun safe."

Da za ta tafi ta ce wa Inna ta yafe mata, don ta san ba halinta ba ne. Kuma ta cika alkawari, har yau tana zuwa mana barka da ta'aziyya. Amma dambu, ba ta sake aikowa a yi mata ba, haka sauran matan. Ta ce ba za ta ɗora wa baƙinta abincin gidan da aka yi mata dariya a bainar jama'a ba. Babbar tukunyar Inna tana nan kife a bayan ɗaki, ƙarama muke ɗorawa yanzu. Mabiyan Yaya kuwa ko ɗaya bai zo ya saya ba, shi ma ya koma sayar da turare, yana cewa 'yan hassada ne suka karya shi.

Abin da na koya shi ne, shafin sana'a bakin mai sana'a ne, ba a miƙa shi ga wanda bai san masu cinikinka ba, ko da ciki ɗaya kuka fito. Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum yana zaune a tabarmarka ba, kada ka rubuta shi da kowane yare. Inna ba ta taɓa zagin kowa ba a rayuwarta, amma ita ce ta durƙusa tana ba da haƙuri.