Ɗan Ludayin Gwaggo

Jiya ɗana ya aske gashin baki, tabon ɗinkin ya fito, sai marigayiya gwaggona ta faɗo mini a rai.

A Dungas na haife shi da tsagaggen leɓe, shekarar da soja suka karɓi mulki. In ya kama nono, ta hanci yake fitowa. Likitan Damagaram ya ce babu ɗinki sai yaro ya yi nauyi.

Gwaggo ba ta san lallashi ba. Ina kuka ta miƙo mini ƙoƙo: "Ke, hawayenki zai sha? Tatsa!"

Da ɗan ludayi take ɗiga masa, hannunta na warin daddawa, har ya yi kumatu, aka ɗinke.

Allah ya shayar da ke da ruwan Aljanna, Gwaggo, ƙwarya cike.