Murhun Jirgin Kawu Nomau

Duk wanda ya san Kawu Nomau a Madarumfa ya san ba ya juyawa. In ya manta hularsa, ba zai yi kwana kamar sauran bayin Allah ba. Sai ya yi gaba a karkace, ya tsaya, ya ja da baya ta wani gefen, ya sake tsayawa, sannan ya miƙe gida. In muka yi dariya ya ce, "Akuya ka juyawa wuri guda. Babban abu sai da tsari!"

Shekarun ƙarfinsa duk a Nijeriya ya yi su, yana canja wa jirgin ƙasa layi a wata tsohuwar tasha inda dogo ya ƙare. Kan jirgi in ya iso can dole ya juya, kuma ba a murɗa shi kamar amalanke. Sai aka shimfiɗa layi uku suka haɗu kusurwa-kusurwa, shi ne Kawu ke kira murhu. In yana ba da labarin har muryarsa rawa take.

"Ɗana, ƙarhe ne ya hi gidan ga girma, shina huci. In ja hannun layi, shi yi gaba. In ja, shi yi baya. In ƙara ja, sai ga shi shina kallon inda ya hito. Kuma bai juya ba!"

Wallahi ko jirgi ban taɓa gani ba, amma sai tsigar jikina ta tashi.

Matsalar ita ce da ya dawo gida bai baro murhun can ba. A lambunmu na bakin tafki ya gina shi: hanyoyi uku na dutse da tsakuwa, masu tudu, masu faɗi, a tsakiyar ƙasa mafi kyau. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke noman lambun, kuma duk rani da maganata guda.

"Kawu, bari in fasa abin nan in sa albasa."

"Albasa na juya jirgi?"

"Ina jirgin yake?"

"Shina tahe."

Har jakinsa sai da ya koya wa. Wani mutumin Gabi ya ari jakin, washegari ya maido shi yana haɗa gumi. "Malam Nomau, wanga jaki lahiyarshi? Na ce mai shi juya, ya yi ta baya-baya da ni hal cikin rumbun maƙwabci!" Kawu ya shafa wuyan jakin ya ce, "Ba ka ja mai layi ba."

Sai dokar sanda. Hanyar shiga lambun ɗaya ce, siririya, don haka ba mai hawanta da amalanke sai da wata sandar gora a hannu, kamar yadda direban jirgi ke karɓa kafin ya hau layi guda. Ran nan mai gari ya zo da amalanken shanunsa, wani kuwa ya riga ya shiga da sandar. Kawu ya tare shi.

"Ranka shi daɗe, layi a cike yake."

"Nomau, ni ne hwa!"

"Ko gwamna na cikin jirgi, jira yakai."

Mai gari ya jira. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Daminar bara tafki ya cika ya shanye lambuna, ba abin da ya rage a sama sai hanyar da murhun. Da hantsi Kawu ya je duba duwatsunsa, ya yanke jiki ya faɗi. Motar asibiti ta lallaɓa ta shigo, muka sa shi ciki. Sai direba ya leƙa: ruwa dama, ruwa hagu. Ya ce baya-baya a kan wannan santsi, cikin tafki za mu ƙare. Ga shi numfashin Kawu sama-sama yake.

Sai muka ji muryar Kawu daga cikin motar, ƙasa-ƙasa.

"Yaro, bi hannun dama. Tahi... tsaya! Yanzu baya. Kak ka ji tsoro, dutse ne ƙasanka. Tsaya! To, gaba."

Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa na ga motar nan ta yi gaba, ta yi baya, ta sake yin gaba, sai ga hancinta yana kallon gari. Ba wanda ya yi dariya. Direba ya saki sitiyari yana salati. Ni kuwa hawaye na ji a kumatuna, don ranar na ga abin da yake gaya mini shekara da shekaru.

Da na shiga kusa da shi ya kama hannuna. "To, mai albasa, ka gani?"

"Na gani, Kawu."

Kwana uku ya yi a asibiti a Maradi, ya samu ya ga ƴaƴansa duka, ya sa musu albarka, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Bana na dasa albasa ko'ina, ban da wurin murhun. Jiya ma na ƙara masa tsakuwa. Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Ya Allah, mutum ne da bai saba shiga hanya ba izini ba, ka buɗe masa taka, ka sauke shi lafiya.