Toktosun Ba Ya Musa wa Baƙo

Toktosun ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙauyukan At-Bashi, da farko a kan doki, daga baya a kan keke. Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Matarsa Burul ta rasu shekara biyar da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna aikin gini a Mosko, sai ranar sallah sukan bugo waya.

Sau ɗaya a shekara, idan ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, wata ma'aikaciyar jami'a mai suna Jildiz takan zo daga Bishkek, babban birnin ƙasar, da takardar tambayoyi. Bincike ne a kan halin mutane da zamansu da juna, kuma tambayoyin nan su ake yi a ƙasashe talatin. Ita ta karanta magana, mutum ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Aikin minti arba'in ne, amma a gidan Toktosun wuni yake ci, don sai ya kawo burodi da man shanu, ya dafa shayi har sau uku. Tun saura mako ta zo yake goge kofuna.

Bana da ta zauna, ba ta buɗe jakarta ba.

"Baba, akwai magana. A ofis sun ce za su cire sunanka."

"Me na yi musu?"

"Duk abin da na karanta sai ka ce ka yarda. Kana son taron jama'a, ka yarda. Ka fi son zama kai kaɗai, ka yarda. Shekara huɗu ke nan. Sun ce ko dai ba ka ji, ko kuma ni ce nake zama gindin bishiya ina cikewa da kaina."

"Kunnena ras yake. Amma 'yata, kina zaune kina cin burodina, ki faɗi magana in ƙaryata ki? Ubana har ya mutu bai musa wa baƙo ba."

"Ai ba maganata ba ce, Baba. Wasu ne can suka rubuta."

"To su zo da kansu in musa musu."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya juya kofinsa a hannu, sannan ya ce, "In sun cire ni, kin daina zuwa ke nan?"

"Motarmu ba ta tsayawa gidan da babu sunansa a takarda."

Sai ya ce ta fito da takardar.

Ta karanta, "Ina da saurin fushi." Ya sunkuyar da kai kamar mai laifi, ya ce bai yarda ba. Haka suka yi ta tafiya, yana musawa yana ba ta haƙuri, har suka kai ta goma sha tara.

"Ina da wanda nake gaya wa damuwata."

Shekara huɗu yana cewa ya yarda. Ya dubi kujerar da ke kusa da murhu, inda Burul takan zauna. Jildiz ta jira, alƙalami a hannu.

"Ban yarda ba," in ji shi.

Ta sa alama.

"Wannan zai ishe su?"

"Zai isa, Baba."

"To ci gaba. Amma a hankali, ina kike sauri? Sha shayinki tukuna, ya huce."